Wanda Bai Ci Konkur Ba, Akwai Wata Ƙofa

Duk shekara in aka liƙa sakamakon konkur na makarantun injiniya, sai ka iske gidaje da yawa a Birkitari ta Yawunde, da Garwa, da Ngaundere, sun yi tsit kamar an yi rasuwa. Yaro ya ci bak ɗinsa lafiya lau, ya zauna jarrabawar shiga Politeknik, sunansa bai fito ba. Kafin wata ya kewayo, uba ya yanke hukunci: boko ya ƙare, a tafi shago.

Iyaye, a yi haƙuri a saurara. Konkur ba irin jarrabawar bak ba ce. A bak, duk wanda ya kai makin da aka tsayar ya ci. A konkur kuwa kujeru ne ƙidayayyu, ana ɗaukar na sama har su cika, sauran ko sun yi ƙoƙari sai su koma gida. Saboda haka rashin ganin suna ba shaidar daƙiƙanci ba ne.

Abin da yawancinmu ba su sani ba shi ne, karatun injiniya a Politeknik ta Yawunde shekara 5 ne, kuma ƙofarsa biyu ce. Akwai ta shekarar farko, wadda kowa ke turmutsutsu a bakinta, akwai kuma wani konkur na shiga shekara ta 3, don waɗanda suka riga suka yi karatu a jami'a. Ke nan yaron da ya tafi sashen kimiyya na jami'a, inda ba a yin konkur kuma kuɗin rajista jaka 50 ne a shekara, ya riƙe lissafi ko fizik da kyau har ya sami lisans, yana iya dawowa ya ƙwanƙwasa wannan ƙofa ta biyu. Sharaɗin dai shi ne riƙon. Aji ne mai ɗimbin ɗalibai, ba mai kiran suna, ba mai tambayar ka don me ba ka zo jiya ba. Nan yaranmu suka fi zamewa.

Ni a ganina, yaron da hannunsa ya fi bakinsa, IUT ta fi masa. Akwai ta a Ngaundere, da Duwala, da Banjun. Ita ma da nata konkur, amma shekara 2 ce a ba shi DUT, takardar da za ta iya ba shi aiki ko da ƙarfin gida ya ƙare a nan. Mutanen Adamawa ma tuwo na maina: ENSAI tana nan Ngaundere, kuma ba ta ɗaukar mai sabon bak, sai wanda ya riga ya yi shekaru a babbar makaranta.

Kada kuma a manta Politeknik ba ɗaya ba ce yanzu, akwai ta Marwa da ta Duwala. Mai hali ya rubuta konkur biyu ko uku.

Su kuwa makarantun kuɗi masu BTS, waɗanda ke raba takardun talla a ƙofar lise, kafin a biya ko dala ɗaya a nemi ganin izininsu daga Ma'aikatar Ilmi Mai Zurfi, a kuma shiga ɗakin aikinsu a ga ko injunan suna tashi. Wanda ya zaɓi sake konkur baɗi, ya karanta sanarwar da kyau, domin akwai iyakar shekarun haihuwa, kuma ya yi rajista a jami'a tun bana maimakon zaman jira a bakin titi.