Bayanan Marasa Lafiya A Kwamfuta: A Gwada Shirin Da Direban Da Ke Kwana A Ijora

A watan Maris na 2024 ne aka ƙaddamar da kwamitin shirin da ake kira NDHI a taƙaice, wanda aka ɗora wa alhakin mayar da harkar lafiyar Najeriya kan na'ura. Babban burin shi ne adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta, maimakon tarin fayil-fayil da ke shan ƙura a ɗakunan kati. Wannan jarida na goyon bayan manufar. Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa asibitin gwamnati, ya ɓata rabin yini a layi, sannan aka ce masa ba a ga fayil ɗinsa ba, ba ya buƙatar dogon bayani.

Sai dai ma'aunin da ya kamata a auna shirin da shi ba a Abuja yake ba. Yana Ijora ta jihar Legas, inda direbobin tirela da na tanka, da yawansu 'yan Arewa, ke kwana suna jiran layin shiga Apapa. A ɗauki ɗaya daga cikinsu mai hawan jini. A Kano aka ɗora shi kan magani, a Legas jiri ya kwashe shi. Likitan da aka kai masa shi bai san abin da yake sha ba, bai san ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa ba, kuma katin na can gida a cikin akwati. Haka fataken shanu na mayankar Oko-Oba a Agege suke, haka 'yan gwarin Mile 12, haka matar da ta fara awo a Agege sannan ta tafi Katsina goyon ciki. In bayanan waɗannan mutane ba za su bi su duk inda suka je ba, to ɗakin katin nan ne kawai aka ɗauka aka zuba cikin kwamfuta.

Wannan fargaba tana da tushe. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya na hannun Abuja, manyan asibitoci na hannun jihohi, ƙananan asibitocin unguwa kuma na ƙarƙashin jihohi da ƙananan hukumomi. Jihar Legas ta riga ta fito da nata tsarin mai suna SHIP. Asibitoci da dama sun sayi tasu manhajar daga kamfanoni daban-daban. Ba laifi ba ne kowa ya zaɓi tasa, laifin shi ne a biya kuɗin manhajar da ba ta iya miƙa wa 'yar'uwarta bayani.

Akwai kuma batun suna, wanda masu rubuta takardun tsare-tsare kan raina. Mutum ɗaya yakan zama Muhammadu a Sakkwato, Mohammed a Ebute Metta, Mamman a bakin abokan aikinsa. Wani sunan mahaifinsa yake bayarwa yau, gobe ya ba da na garinsu. Ranar haihuwa kuwa, kowa ya san yawan mutanen da aka rubuta wa 1 ga Janairu. Adireshi ma ba abin dogaro ba ne a unguwar da ta ga rusau irin na Badiya a Fabrairun 2013. Na'ura ba ta da hankalin tsohon akawun ɗakin kati da ke gane mutum da fuska: ko ta raba mutum ɗaya gida uku, ko ta haɗa mutum biyu a fayil guda, kuma na biyun na iya kisa. Lambar ɗan ƙasa ta NIN za ta rage matsalar, amma kada ta zama sharaɗin ganin likita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta hana kowa kulawar gaggawa, kuma wannan ya haɗa da ɗan ci-ranin da ya zo daga Maraɗi ba shi da lamba.

Wutar lantarki ba sai an faɗa ba. A 2024 an yanke wa Asibitin Koyarwa na Ibadan wuta saboda bashi. In hakan ta faru da asibiti mai wannan girma, kasafin da ya sayi kwamfuta bai tanadi sola da kuɗin intanet na shekaru ba, asara ce aka tsara.

Sirri kuwa dokar 2014 ta kare shi, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Fayil ɗin takarda mutum ɗaya ke iya leƙawa a lokaci guda, na kwamfuta kuwa ana iya kwashe na dubban mutane cikin dare ɗaya. A Mayun 2021 masu kutse suka durƙusar da na'urorin hukumar lafiyar ƙasar Ayilan, asibitoci suka koma biro da takarda na makonni. Mai ɗauke da cutar HIV da ya ji cewa kowane akawu na iya ganin sakamakonsa, daina zuwa asibiti zai yi.

Ingila ta gwada hanyar manyan kwangiloli daga sama a 2002, ta watsar da shirin a 2011, kuɗin da aka ƙiyasta ya ci kuwa ya kusa fam biliyan 10. Ba mu da irin wannan kuɗi na zubarwa.

Don haka muna kira ga daraktoci da mataimakan da ke rubuta wa ministoci takardu su sanya sharaɗi ƙarara a kowace kwangila: manhajar ta bi ƙa'ida guda ta musayar bayanai wadda Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda kwamishinonin jihohi ke zama da minista, ta amince da ita, kuma bayanan su kasance mallakar asibiti da majinyaci, ba na kamfani ba. Kafin a biya cikon kuɗi, a buɗe fayil a asibitin unguwa a Ijora, a nemi likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya karanta shi da izinin mai shi.