KO KIN SANI? Kada Daban, Aligeta Daban



Rannan na ji wata ƙanwata 'yar sakandare tana musu da ƙawarta, wai abin da ke rafin ƙauyensu aligeta ne, kuma wai ba shi da faɗa kamar kada. Gabana ya faɗi, domin irin wannan kuskure yana iya cin rai.

To, ki saurara da kyau. Babu aligeta a kogunan Afirka. Iri 2 ne kacal a duniya: ɗaya a kudu maso gabashin Amurka, wajajen Fulorida, ɗaya kuma a yankin kogin Yanzi na ƙasar Sin. Duk wanda kika gani a rafi a ƙasarmu, kada ne.

Idan a hoto ko talabijin ne, ki dubi baki. Na kada tsukakke ne mai tsini, na aligeta kuwa faffaɗa ne kamar shebur. In kada ya rufe baki, haƙoran sama da na ƙasa duk suna waje, musamman na 4 a ƙasa. Shi ko aligeta, na ƙasan ɓuya suke yi. Sannan aligeta ya fi duhun jiki.

Don haka in za ki wanki ko ɗibar ruwa inda aka san da kada, kar ki je ke kaɗai, ki kuma guji bakin ruwa da magariba. Rigakafi ya fi magani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, Antinku.