Zankon Siminti Ba Ya Raya Gadon Birni

A gidan ƙasa na tashi, cikin birnin Kano, gidan kakana mai zaure biyu da rufin azara. Ko a watan Afrilu mukan yi barcin rana a soro ba tare da fanka ba. Bara na koma unguwar, na tarar an rushe gidan maƙwabtanmu, an tayar da bene na bulo, an kafa masa zankwaye huɗu na siminti. Maigidan ya ce mini al'ada ya raya. Da na shiga, ba zaure, ba tsakar gida, baƙo na turo ƙofa sai ya yi ido huɗu da matan gida. Ɗakunan kuwa kamar tanda.

Tun wajen shekarun 1970 masu zanen gine-gine a Turai da Amurka suka gaji da dogayen akwatunan gilashi, suka dawo da ado da tarihi cikin sabon gini, salon da ake kira fosmodan. Ina maraba da shi, domin ya tuna mana cewa gini na da asali. Sai dai mu kwasfar muka ɗauka, muka bar ƙwayar. Gadon birnin Musulmi yana cikin tsarinsa ne: zauren da ake tarbar baƙo a karantar da yara, tsakar gidan da ke suturta iyali, lungun da ke ba da inuwa, da masallacin unguwa da ake zuwa da ƙafa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Yama ta jihar Tawa, Falke Barmu ya soma gina masallacin ƙasa a 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse, tare da maginan yankin, aka kammala a 2018. Ginin zamani ne, amma duk wanda ya gan shi ya san na Hausa ne.

Kirana ga jami'o'inmu shi ne su kai ɗalibansu gaban Sarkin Magina, su kuma tsaya ƙarƙashin bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya. Kai kuma mai shirin rushe gidan gado, kafin ka kira lebura, ka fara zana zaure da tsakar gida. Zanko ya biyo baya.