AIKIN HANNU: Yadda ake fesa ma bido fenti ya daɗe

Yau da wuya a samu gidan da ba shi da bidon roba. Da shi ake ɗauko ruwa, cikinsa ake ajiyar wake da irin shuka. Makiyayi ma yana ɗaura shi ga jaki.

Amma bido duka kama guda ne. A bakin fonfo sai a ga 20 jere, duka rawaya. Daga nan musaya take tashi, daga musaya sai faɗa. Abin da ya fi muni, bidon ruwa da na kananzir ba su da bambanci. Yaro mai jin ƙishirwa kuwa ba ya tambaya.

Fenti yana maganin wannan. Yana ƙawata bido, yana zama shaida. Kuma yana kare roba daga rana, don rana ce take cinye ta har ta tsattsage.

ME YA SA FENTI YAKE ƁAREWA?

A duba gindin bido. Sau da yawa akwai zane mai kusurwa 3, da lamba 2 ko 5 cikinsa. Irin wannan roba santsi gare ta kamar kakin zuma, fenti ba ya kama ta da sauƙi. Bayan haka, yawancin bido masu litir 20 ko 25 man girki aka fara zubawa ciki. Inda maiƙo ya saura, fenti ba ya zama. Wanda ya fesa kai tsaye ya yi asarar kuɗɗinsa.

YADDA AKE AIKIN

1. A wanke bido da sabulu da ruwan ɗumi. A ɗauraye, a bari ya bushe sarai.

2. A goge bayansa da takarda mai kaushi irin ta kafinta, har ƙyallin ya tafi. In babu ita, a sa rairayi mai laushi cikin tsumma. A share ƙurar.

3. A cire marufi, a ɗaure bakin bido da leda. Kada fenti ya taɓa baki ko marufi.

4. A tambayi mai kanti fentin da aka yi don roba. Akwai kuma wani gwangwani da ake fesawa tun farko, shi ke riƙe fenti ga roba.

5. A girgiza gwangwani minti 2. Akwai ɗan ƙwallo ciki, za a ji yana kaɗawa.

6. A riƙe gwangwani nesa da bido kamar santimetir 25, wato ya ɗara taƙi guda kaɗan. Hannu ya riƙa tafiya dama da hagu, kada ya tsaya wuri guda.

7. A fesa kaɗan kaɗan, sau 2 ko 3. Tsakani a dakata kamar minti 15. Feshi mai kauri tsiyaya yake yi, shi ne kuma yake fara ɓarewa.

8. A ajiye bido cikin inuwa kwana 7. Fenti yana bushewa a ido tun ranar farko, amma bai yi ƙwari ba tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Lokacin aikin shi ne da safe, cikin inuwa, ranar da babu iska. Ƙurar hunturu tana manne ma ɗanyen fenti. Ranar tsaka kuma tana busar da shi tun bai kama ba.

ADO DA SHAIDA

Mai son ado ya yanke siffa cikin kwali: wata, tauraro, ko zanen ƙwarya. Ya aza kwalin bisa bido, ya fesa wani launi. Makiyayi yana iya sa shaidar dabbobinsa. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci ya yanke haruffan sunansa.

Kowane gida ya tsai da doka guda: shuɗi na ruwa, ja na kananzir, fari na iri. Fari ba ya jan zafi kamar baƙi. A koya ma yara wannan doka.

Mai ajiyar wake ya cika bido, ya rufe gam. In iska ba ta shiga, ƙwari suna mutuwa. Fenti a bakin bido yana hana marufi zama daidai.

HATTARA

Ba a fesa fenti cikin bido ko bokiti. Wasu fenti suna da dalma, dalma kuwa guba ce. A 2010, a Zamfara ta Najeriya, dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Ko kaɗan ce tana lalata hankalin yaro.

Bidon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba ya komawa na ruwa ko na abinci, ko an wanke, ko an yi masa fenti.

A yi feshi a fili, nesa da murhu da taba. A rufe hanci da baki, a kore yara. Gwangwanin da ya ƙare ba a huda shi, ba a jefa shi wuta, don fashewa yake yi.

Rigakafi ya fi magani.