Majina Ta Yi Kauri, Ba Ampiclox Take Nema Ba

Jama'a, hunturu ya kama, layin kemis kuma ya fara tsawo. Da majina ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore, sai mutum ya yanke wa kansa hukunci, ya sayi Ampiclox ko Amoxil na kwana biyu. A ganina wannan ɗabi'a ta fi murar kanta illa.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar da ke tasowa daga Sahara busasshiya ce, ga ƙura. Tana tsotse danshin hanci, mu kuma saboda sanyi ba ma shan ruwa sosai. Haɗa da hayaƙin itace da na janareta, da ƙurar tsofaffin fayil ga irinmu na ofis. Dole majina ta yi danƙo. Launin kuwa daga fararen ƙwayoyin jini ne da ke yaƙar cutar, shi kaɗai ba ya nuna akwai bakteriya. Galibin mura bairos ke kawo ta, antibayotik kuma ba ya taɓa bairos. Cikin kwana 7 zuwa 10 takan lafa da kanta.

To ina asarar? Duk shan da muka yi ba bisa ƙa'ida ba, koya wa ƙwayoyin cuta jure wa maganin muke yi. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ta fi ko'ina jin jiki. Ranar da yaro ya kamu da nimoniya maganin ya ƙi ci, wa za mu kama?

Abin yi mai sauƙi ne. A yawaita shan ruwa da shayi mai ɗumi. A wanke hanci da ruwan gishiri: ƙaramin cokali ɗaya a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce. A sa takunkumi in ƙura ta taso. Manya su yi sirace, yara kuwa a kiyaye su da ƙuna. Maganin ɗigawa irin Otrivin kada ya wuce kwana 5, in ba haka ba toshewar dawowa take yi ta fi da.

Amma fa in ta haura kwana 10 ba sauƙi, ko ga zazzaɓi mai zafi, ciwon fuska ko kumburin ido, sai asibiti. Haka yaron da hanci ɗaya ke zubar majina mai wari, ta yiwu ya cusa wake ko gyaɗa.

Allah Ya ba mu lafiya.