Rigar Aro Sai An Kai Ta Wurin Tela



Labaran 'yan fashi da jami'an bincike sun yawaita a zauren nan, kuma abin farin ciki ne. Sai dai da yawansu kamanninsu ɗaya: jami'i mai doguwar kwat da malafa, ruwan sama na zuba tsakar dare, kyakkyawar mace mayaudariya, bindiga a aljihu. An ce a Sakkwato abin ya faru, amma in aka cire sunayen mutanen, babu sauran Sakkwato a ciki. Mu a ganinmu aro halas ne, amma rigar aro sai an kai ta wurin tela.

Waɗannan kaya sun fito ne daga finafinan Amurka na shekarun 1940, waɗanda masu sharhi a Faransa suka laƙaba wa suna "nuwar", wato baƙi, a 1946. Su ma Faransawan arowa suka yi. A 1960 François Truffaut ya ɗauki littafin David Goodis na 1956, wanda labarinsa ke Filadalfiya, ya mayar da shi Faris, ya yi fim mai suna Tirez sur le pianiste, ma'ana a harbi mai kaɗa fiyano.

Ku dubi yadda ya yi wa rigar gyara. A ƙa'ida jarumin irin wannan fim mai taurin zuciya ne. Truffaut ya ba mawaƙi Charles Aznavour matsayin Charlie, ɗan siririn mutum mai kunyar da ko hannun budurwarsa ya kasa kamawa. 'Yan dabar da ke binsa sarakan surutu ne. Ɗayansu ya rantse cewa in ƙarya yake yi uwarsa ta faɗi ta mutu, nan take aka nuno tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi. Ƙarshen fim ɗin ma ba a lungu mai duhu ya zo ba, cikin farar ƙanƙara aka harbe Léna, wadda ta so shi tsakani da Allah. Duk da wannan wasa, bai taɓa ƙashin bayan labarin ba: mutum ya gudu daga rayuwarsa ta baya, ya canza suna, sai ɗan'uwansa ɓarawo ya faɗo masa neman mafaka, ya jawo masa bala'i. Sai da ya san ƙa'idar ciki da bai, sannan ya zaɓi wadda zai karya.

Maƙwabtanmu na Nijar sun yi irin haka. A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Aron da kansa shi ya zama labarin. A gida kuma, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito a 1982, ya gina labarinsa kan fasa-ƙwauri da cin hanci, abubuwan da mai karatu ya sani ba sai an yi masa bayani ba.

To mu nan Lambara me muke da shi? Hazon hunturu ya fi ruwan sama iya ɓoye fuska. Muna da titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal, da manyan motocin da ke wucewa cikin dare. Muna da teburin mai shayi, inda kowane sirri ke yada zango. Muna da ɗan kabu-kabu da ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ga shi gobe dole ya fita nema. Akwai hanyar Illela zuwa Ƙonni ga mai son labarin sumoga. Uwa-uba akwai zumunci: yayanka ya buga ƙofa da asuba, ka san abin da ya aikata, tsohuwa kuma ta ce ka rufa masa asiri. Wane jami'i mai malafa ne zai ba mai karatu fargabar da ta kai wannan?

Abin ya wuce batun salo. Masu karatunmu suna zaune a jihar da satar mutane don kuɗin fansa ta zama hirar yau da kullum, sun san kuɗin da harsashi ɗaya ke jawo wa gida. In muka ba su bindiga a matsayin ado, za su ajiye littafin, kuma da gaskiyarsu.

Ga aikin wannan mako: kowa ya rubuto shafi ɗaya na labarin laifi da ya faru a garinsu. Ya zaɓi ƙa'ida ɗaya ta nuwar ya riƙe, ya karya ɗaya, ya faɗa mana dalili a ƙasa. Allah ya ƙara mana basira.