Wankan Jirgin Ruwa da Tankin Gidan Haya

A zamanmu na makon jiya an kawo ƙorafi daga wani gidan haya a Kubwa. Tanki kan ƙare kafin takwas na safe, mata su fita neman 'yan garuwa, har maƙwabta sun fara gaba da juna. Da aka bi diddigi sai aka gano shawa ce ke shanye ruwan.

Shawa irin wadda aka saba sa wa a gidaje tana zubar da kusan lita 9 a minti ɗaya. Wanda ya tsaya minti 10 ya kwashe lita 90, fiye da jarka uku ke nan. A gida mai ɗaki takwas, ku yi lissafin da kanku.

Ma'aikatan jiragen ruwa sun daɗe da magance wannan. Suna tsakiyar teku, amma ruwan gishiri ne, ba ya shayuwa, sabulu ma ba ya kumfa sosai a cikinsa. Ruwan daɗi sai wanda aka ɗauko a tanki ko aka tace da inji mai cin mai. Don haka mutum ya buɗe famfo ya jiƙa jiki, ya kashe, ya cuɗa da soso da sabulu, sannan ya sake buɗewa ya ɗauraye. Ruwan bai fi minti biyu yana zuba ba.

Ni a ganina gidan da ke dogara da burtsatse da tanki a sama kamar jirgin nan yake. Ruwan madatsar Usuma bai isa unguwanni da yawa ba, in kuwa aka ɗauke wuta, sai an sayi man janareta kafin tanki ya cika.

Abin dariyar, wankan nan ba baƙonmu ba ne. Shi muka taso muna yi da bokiti da moda, bokiti ɗaya ya wadatar da ƙato. Zuwa Abuja ne ya sa wasunmu ke ganin bokiti ƙauyanci ne.

Ban ce a cire shawa ba, wanda ya biya haya yana da haƙƙinta. A dai kashe famfo lokacin cuɗa, a koya wa yara haka. Zan nemi shugaba ya sa maganar cikin zama mai zuwa, masu gidajen haya daga cikinmu su daure su zo.